Jitocin da Malam Zulkarnaini Ya Ce 'Yan Japan Ne

Ranar Talata da hantsi Memuna ta juya bayan wata sabuwar jita, ta ga 'yar takarda ruwan zinare manne a gindin wuyanta. Sunan China ne a jiki. A daidai lokacin, a ƙofar shagon babanta akwai ɗan sanda tsaye tare da shugaban makaɗan wani coci na unguwar Alajo a Accra, wanda ya sayi jita uku a kan cewa ƙirar Japan ne.

Babanta, Malam Zulkarnaini, kafinta ne tun asali. Yana ɗan shekara sha tara ya baro Dogon Dutse ya sauka unguwar Nima a Accra, ya yi dako a kasuwar Tudu, sannan ya koyi aikin katako. Wata rana wani makaɗi ya kawo masa jitar lantarki da wuyanta ya tsage, ya haɗa ta har ba a ganin tabon. Daga nan ya bar kujeru da tebura. Shekara talatin yana gyaran jita a unguwar Maamobi, bai iya kaɗa ko waƙa ɗaya ba. In an tsokane shi sai ya ce ai ba kowane bakanike ne direba ba.

Daga baya ya fara saro jitoci masu araha a wurin wani dillali a Adabraka. Bai yi boko ba, karatunsa na allo ne. Ya ga rubutun mutanen gabas a jikin kwali, dillalin kuma ya ce masa kamfanin na Japan ne, shi ke nan ya riƙe.

Yana da wata al'ada da makaɗa ke sonsa saboda ita. Gumin Accra yakan sa fentin wuyan jita ya riƙa kama tafin hannu, don haka duk wadda zai sayar sai ya bi wuyanta da sanfefa har katako ya fito, ya shafe shi da man kaɗanya. Takardar nan da lambar da ke kanta sukan tafi tare da fentin. Shi a zatonsa takardar farashi ce.

Memuna kuwa ta gama jami'a, ta gama hidimar ƙasa, aiki bai samu ba. Ita ta ɗauki hotunan jitocin ta sa a intanet, ta rubuta ƙirar Japan da manyan baƙaƙe. Ko sau ɗaya ba ta taɓa juya bayan guda ba.

"Alhaji, goge lambar ka yi don kada a gane!" in ji mutumin cocin, yana cakuɗa Hausa da yaren Twi.

"Ban je Makka ba tukuna, kada ka ƙara mini wata ƙaryar," in ji Malam Zulkarnaini. Ya juya wajen 'yarsa. "Memuna, karanta musu takardar su ji."

"Baba, China aka rubuta."

"Duba da kyau dai."

"Na duba, Baba."

"To ina Japan ɗin?"

Ɗan sandan ya ce a kwashe jitocin, Malam Zulkarnaini ma ya sa takalmansa ya biyo su.

Kwana biyu ya yi a tsare kafin limamin unguwa ya yi belinsa. Dillalin ya rantse cewa shi kamfani ya ce, bai ce masana'anta ba. Wani ya ce irin waɗannan a Indonesiya ma ake yin wasu. Kowa da tasa, amma a takardar 'yan sanda abu biyu ne kawai: wuyan da aka goge, da tallar da Memuna ta rubuta. Da aka tambayi tsohon wa ya rubuta, ya ce shi ne. Ɗan sandan ya miƙa masa biro ya ce ya sake rubutawa, ya riƙe biron ya kasa rubuta ko harafi ɗaya.

Yanzu shagon a rufe yake. Yakan zauna a ƙofar ɗaki hannuwansa bisa gwiwa, makaɗan da suka saba tsayawa hira sun koma bin ɗaya lungun. Memuna ba ta iya cin abinci in yana kallonta.

Ta aika wa kamfanin saƙo, ko za su shaida cewa aƙalla kamfanin nasu na Japan ne. Suka ce ta turo lambar jitocin da ake magana a kai. Ta sake rubuta musu cewa lambar babu ita, ta bayyana dalili.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan. Kamfanin bai sake amsawa ba, kuma har yanzu ba a faɗa musu ko za a kai shi kotu ba, ko su biyun za a kai.