Ranar da Yaya Ya Taimake Ni

Har yau in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa. Na daɗe a ɗakinmu na Yelwa ina koyon tayar da gungun ƙananan injina na gwaji, wato kwamfutocin kwaikwayo, a cikin kwamfutata. Wata manhaja ce ke tayar da su, umarni ɗaya kawai za ka buga. Ana haka wani kamfani na nesa ya kira ni ganawar neman aiki ta bidiyo. Ba su nemi da yawa ba: in tayar da gungun a gabansu, in ɗora ɗan aikina a kai. Na gwada har na gaji, bai taɓa yi min gardama ba.

Ranar da safe Inna ta aike ni cefane. Na bar kwamfutar a kan tabarma tana caji kafin a ɗauke wuta. Ina kasuwa yayana ya iso daga Gella. Can yake aikin ofis, ya taɓa yin wani ɗan kwas na kwamfuta, tun daga nan kowace na'ura ta zama tasa. Kalmar sirrina ma ya sani, don a gidanmu ƙanwa ba ta isa ta ɓoye wa yayanta irin wannan ba.

Bayan azahar matar kamfanin ta bayyana a allo, muka gaisa, na buga umarnin. Sai ga jan rubutu, wai ba ni da izinin taɓa fayil ɗin saiti. Fayil ɗina, a kwamfutata. Na sake, haka nan. Na ce bari in share gungun in fara sabo, nan ma wai ba ni da izini. Matar ta yi haƙuri daidai gwargwado, sannan ta ce akwai mai jira bayana.

Sai da ta tafi na iya duba wa ke da fayilolin. Duk sun fita daga sunana, sun koma hannun asusun da ya fi kowa iko a na'urar. Na leƙa umarnin da aka buga da safe, sai ga shi an tayar da manhajar da sudo, kalmar da ke ba mutum ikon komai. Layi ɗaya na rubuta na mayar da kayana sunana. Gungun ya tashi lafiya lau, babu mai kallo.

Na tarar da Yaya a tsakar gida yana shan kunu.

"Yaya, kai ka taɓa min kwamfuta?"

"Na ga tana nauyi ne, na ɗan tura miki ita. Abu in ya yi taurin kai, da sudo ake bi ta kansa."

"Wa ya sa ka? Garin neman gira ka tsone min ido. Ka kashe min aiki, Yaya."

Inna ta leƙo daga madafa. "Ke, yayan naki? Daga taimako?"

Na juya na koma ɗaki. Kamfanin bai sake kirana ba, shi kuma bai taɓa ba ni haƙuri ba, don a ganinsa bai yi komai ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, har gobe in baƙi suka zo sai ya nuna ni da baki ya ce, "Ai ni na haɗa mata kwamfutar." Ni kuwa ina durƙushe ina zuba musu ruwa.