Jitar da Na Hana a Gyara

Abubuwa da yawa sun wuce a rayuwata waɗanda ko an tuna mini sai na yi ta lalube, amma rigimar da na yi da kawuna a kan jitar yayana tana nan daram a raina, kuma na san har in koma ga Allah ba za ta goge ba. Shekaru sun ja, kawun ma ya tsufa ya yi laushi, amma ni ban manta ko kalma ɗaya ba.

Ni tela ce, shagona yana bakin hanya a Maamobi. A lokacin na haura talatin, ina da 'ya'ya biyu, kuma ban taɓa kaɗa komai ba in ban da bayan ƙwarya a gidan biki. Yayana, wanda nake bi, direban trotro ne, wato bas ɗin haya, mutum marar yawan magana. Mun san yana da jita, don mukan jiyo ta ta bango, can ƙasa-ƙasa, idan ya dawo aiki ya kulle ɗakinsa. Amma a gidanmu ba wanda ya taɓa ganin sa da ita a hannu. Idan yana son ya sake, sai ya zura ta a buhu ya tafi wajen abokansa a Alajo. Ciwon 'yan kwanaki ya yi, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar arba'in aka taru a tsakar gida don a raba 'yan kayansa. Kawu, yayan mahaifiyarmu, shi ne babba, shi ke nuna abu da sanda yana faɗin wanda zai ɗauka. Riguna, takalma, katifa, rediyo, kowanne ya sami mai shi. Da aka sauko da jitar daga saman sif, sai Kawu ya ture ta gefe da kan sandarsa ya ce, "Wannan ba kayan gado ba ne. Gobe in 'yan kwandem sun zo, a ba su." 'Yan kwandem kuwa su ne masu yawo da kura lungu-lungu suna kwasar tsofaffin ƙarafa da matattun firiji.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Kawu, ni ina so."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ki yi me da shi?"

"In buga."

Matan gida suka fashe da dariya, har da masu hawaye a ido. Kawu bai yi dariya ba. Ya ce, "Ke da allura kawai kika sani? To, na ba ki daga nan zuwa Babbar Sallah. In kin buga waƙa guda wadda uwarki ta gane, ki riƙe. In ba ta gane ba, ni da hannuna zan miƙa wa 'yan kwandem." Na ce na yarda. Saura wata uku Sallah, ni kuwa ko yadda ake rungumar abin ban sani ba. Gaskiya ba son kiɗa ne ya sa ni magana ba, haushi ne. Mutum ya yi shekara da shekaru yana ɓoye abu guda da yake so, ya mutu, a ce a jefa shi cikin tarkace.

Washegari na je wani shagon buga takardu a Nima, aka fitar mini da shafi ɗaya na masu koyo. Zane ne na layuka shida, wato tsirkiyoyin, da ɗige-ɗige a kansu, kowane ɗigo da lambar yatsan da zai danne wurin. Haɗin sauti uku aka ce in fara da su, Ji da Si da Di, wai da su kaɗai ana buga waƙoƙi ba iyaka. Na kai jitar shago, duk lokacin da aka ɗauke wuta keke ya tsaya sai in jawo ta. Ina bin zanen nan sau da ƙafa. Inda aka ce ɗan ali, ɗan ali nake sawa. Inda aka ce na tsakiya, na tsakiya. Sai in ja tsirkiya, sai wani sauti ya fito kamar an taka wutsiyar kyanwa.

Mako shida ina wannan fama. Kan yatsuna ya kumbura ya tsage, har riƙe bakin zane a ƙarƙashin allura ya zama aiki. Mai waakye, wato dafa-dukar shinkafa da wake, da ke kusa da shagona ta leƙo wata rana ta ce, "Sista, don Allah don Annabi, kina kore mini kastoma." Maigidana ya ce shi ba ruwansa da rigimar danginmu, amma kada a kawo masa wannan abu gida. Ni kuwa duk laifin na ɗora wa yatsuna. Na ce gajeru ne, na ce sun ƙage, na ce girma ya kama ni. Na yanke farce har nama, na jiƙa hannu a ruwan ɗumi da gishiri, na shafa man kaɗe. Na sauya wannan yatsa da wancan. Sautin bai canza ba ko kaɗan. Sau biyu ina zama a bayan keke in yi kuka, ba don ciwo ba, don ina hango fuskar Kawu ranar Sallah.

Wata mai kawo mini ɗinki ce ta ji tausayina ta kwatanta mini wani tsoho a Kotobabi, mai gyaran rediyo, wanda ya yi kiɗan hailaif a ƙuruciyarsa. Ɗan ƙabilar Ga ne, Hausarsa ta Zongo ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa. Na same shi da hantsi a cikin ɗan akurkin shagonsa. Ya karɓi jitar, ya goga babban yatsa a kan tsirkiyoyin sau ɗaya, sai ya tsaya. Ya sake gogawa. Sai ya kwashe da dariya har da tari.

"Sista, wa ya ɗaura wannan waya?"

"Yayana ne, ya rasu."

Dariyar ta tsaya. Ya ce, "Allah ya ji ƙansa. Yayanka bahago ne."

Na ce sam. Da dama yake ci, da dama yake rubutu, da dama yake miƙa wa mutane abu. Tsohon bai yi musu da ni ba. Ya nuna mini cewa a jitar kowa tsirkiya mai kauri ce a sama, siririya a ƙasa. A wannan kuwa an juya su duka shida, siririya a sama, mai kauri a ƙasa. Ya kuma nuna mini inda katakon ya goge ya yi fari saboda yawan bugun farce, a gefen da hannun mai dama ba ya taɓa zuwa. Ashe mako shida ina dasa yatsun da suka dace a kan tsirkiyoyin da ba su ba.

A gidajenmu hagu ba hannun ci ba ne, ba na gaisuwa ba, ba na karɓa ba, kuma yaron da ya nuna alamar bahagonci tun yana ƙarami ake gyara shi. A tsaye a shagon nan na fara tuno abubuwa. Da hagu Yaya yake zura mini zare a allura idan ido ya gaza. Da hagu yake sare kwakwa. Ina gani shekara da shekaru, ban taɓa haɗa su wuri ɗaya ba.

Tsohon ya ce, "Ba matsala. Minti goma, zan kwance in mayar daidai, takardanka zai yi aiki." Ya kai hannu kan maɗaurin tsirkiya. Wallahi ban yi shawara da kaina ba, sai ji na yi na damƙe wuyan jitar na ce, "Baba, kada ka taɓa."

Ya ce to in juya ta in riƙe irin na bahago. Na gwada, hannun damana ya ƙi danna komai, na hagu ya ƙi bugu. Ya ce, "To babu hanya. Ba littafi da ya koyar da haka." Na ce ni ma ba littafi na gada ba, jita na gada, kuma yadda mai ita ya bar ta haka za ta zauna. Ya girgiza kai ya ce, "Ei, matan Zongo da taurin kai!" Iyakar abin da na yarda ya yi shi ne ya daidaita mata murya.

A hanyar komawa ban san yadda zan yi ba. Sai da na zauna zan yanka hannun wata riga dabara ta zo mini. Kowane tela ya san ƙirar hannu ɗaya ake zanawa. In an yanka na dama, sai a kifa takardar a yanka na hagu. Na ɗauko takarda marar kauri, na kwafe zanen nan uku, na kifa ta, na manna a gilashin taga inda haske zai ratsa. Nan take ɗige-ɗigen suka koma kan tsirkiyoyin da suka dace. Amma lambobin yatsu sun tashi daga aiki, don in na bi su sai hannuna ya nannaɗe ya kasa motsi. Na sa alli na shafe lambobin duka. Tunda ba wanda ya rubuta mini, ni zan zaɓa.

Si ce ta fara ba ni haɗin kai: ɗan ali ya miƙa can sama ya danne gida na farko a wuyan jitar, na tsakiya da na zobe suka sauko ƙasa bi da bi. Na ja tsirkiya, sai na ji sauti mai daɗi, cikakke, irin wanda nake jiyowa ta bango. Na yi ihu har mai waakye ta rugo da ludayi a hannu tana tambayar ko lantarki ne ya ja ni. Di ta ci mini kwana huɗu. Ji kuwa ta ƙi ƙememe, don siririyar tsirkiyar ta yi wa yatsuna nisa, har sai da na zagayo da babban yatsa ta bayan wuyan na danne ta daga sama. Bugun ma sai na koma yin sa daga ƙasa zuwa sama, don mai kaurin ta fara magana. Duk Asabar nakan koma Kotobabi. Tsohon yakan rufe ido kafin in fara, wai ba zai iya kallon hannuna ba. In na gama sai ya ce, "Kunne ya ce daidai, ido ya ce a'a. To, mu bi kunne."

Sai dai lokaci ya riga ya ƙure. Mako shida ba ya mai da tela makaɗiya. Na zaɓi wata 'yar waƙa da mahaifiyarmu, Mma, takan yi a hanci idan tana tsintar wake, na yi ta maimaitawa, amma tsallakawa daga Si zuwa Ji kullum sai na tsaya na jera yatsu ɗaya bayan ɗaya.

Kashegarin Sallah, bayan azahar, gida cike da ƙamshin suyar nama, Kawu ya sa aka fito masa da kujera. Bai manta ba. Na zauna a kan tabarma, Mma tana gefe, mata sun yi da'ira. Na fara, na tsaya, na ci gaba, na sake tsayawa, na lallaɓa na kai ƙarshe. Kawu ya juya wajen ƙanwarsa ya ce, "Kin gane?"

Mma ba ta iya ƙarya ba, ko don 'yarta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ban gane ba."

Kawu ya miƙo hannu. Na ƙanƙame jitar a ƙirjina na ce, "Kawu, na faɗi, ban musa ba. Amma ba zan bayar ba."

"Alkawarin fa?"

"Na karya. Ka kira ni duk sunan da ka ga dama, na ɗauka."

Gida ya kaure da salati. Wata gwaggo tana cewa in ji tsoron Allah, wata tana ja mini mayafi. Amma ko da za a kwana a nan ba ni da niyyar saki. Cikin hayaniyar Mma ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya. Me ya sa hannunki ya murɗe haka, kuma kike bugowa daga ƙasa? Na talabijin ba haka suke yi ba."

Na gaya mata. Na ce jitar ta bahago ce, Yaya ne ya juya tsirkiyoyin da hannunsa, ni kuma na hana a mayar.

Sai ta karɓi jitar ta ɗora a cinya, ta shafa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Yana shekara huɗu na riƙa ɗaure masa hannun nan da ɗankwalina duk lokacin cin abinci. Yana kuka, ina kuka. Na ɗauka ya bari." Sai ta dubi Kawu, mutumin da ban taɓa jin ta ɗaga wa murya ba, ta ce, "Yaya, kai ka ce in ɗaure, na ɗaure. Wannan kam ba mai taɓa ta."

Kawu ya dubi sama ya ce la'asar ta kusa, a miƙo masa buta. Mma ta mayar mini da jitar ta ce, "Sake bugawa, a hankali." Sai a karo na uku ta fara bin waƙar da baki. Ko ganewa ta yi, ko tausayina ta ji, har yau ban tambaye ta ba.

Yanzu ina bugawa daidai gwargwado, kuma duk wanda ya iya jita ya ga hannuna sai ya yamutsa fuska. Ba ya damu na. Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi ne bai iya ba, ya fara duba yadda aka ɗaura abin da aka miƙa masa. Kuma ba duk abin da ya saɓa wa na mutane ne yake neman gyara ba. An gyara yayana sau ɗaya yana raye, ba a tambaye shi ba. Na biyun ne na hana.