Littafin Da Muka Zaɓa Wa Mama Laraba

Ranar da ƙungiyarmu ta karatu ta zauna zaɓen littafin da za mu karanta tare, ina kallon manyan mutane masu digiri suna zuba ƙarya ba ko ƙifta ido, sai kakata Iya ta faɗo mini a rai. Ta fi shekara talatin a ƙasa, amma wallahi na ji tsakinta a kunnena. Abin da ya fi damuna a ranar shi ne Mama Laraba, mai sayar da doya a kasuwar Lafiya, wadda ni na jawo ta cikinmu. Da girmanta ta koyi karatu, kuma na san littafin da za a zaɓa shi zai sa ta zauna da mu ko ta gudu.

Iya mutuniyar Keana ce, sana'arta dafa gishiri. Mu a Lafiya muka tashi, amma duk hutun rani sai Baba ya sa mu a mota, ni da yayata Ladi, a kai mu wurinta. Da rana mata na can suna kankare ƙasa mai gishiri, su zuba a tukwane masu huji a gindi, su kwarara ruwa ya riƙa tsatsowa. Da yamma ake ɗora ruwan a wuta. Dafawar ce ke cin itace da haƙuri, don wutar ba ta son a juya mata baya. In ta yi sanyi ruwan ya ƙi ƙafewa, in ta yi yawa gishirin ya kama ya yi baƙi. Muna gama cin tuwo sai mu kewaye murhu, mu da 'ya'yan maƙwabta, hayaƙi na sa mu hawaye, Iya na kan kujerarta 'yar tsugunno tana juya ruwan da dogon ludayi.

Kada wani ya zata irin kakannin nan ce masu lallashi da shafa kai. Iya ba ta da wannan lokacin. Ta raina malalaci, ta raina mai yawan magana, kuma ba ta ɓoyewa. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" take ce musu. Ba ta buɗe tatsuniya yadda ake buɗewa a wasu gidaje. Cewa take, "Ga baƙo ya zo, ku matsa mishi." Mu kuma mu ce, "Ya zauna."

Tana da doka ɗaya. Ita ba ta zaɓen tatsuniya, mu ke zaɓa. Amma duk wanda ya zaɓa, shi zai zauna bakin murhu yana iza wuta har a kai ƙarshe. Ba gyangyaɗi, ba tashi, ba miƙa wa ƙani itacen. Saboda haka kafin ka buɗe baki ka ambaci tatsuniya, sai ka auna idonka da bayanka tukuna.

Ladi ce ba ta taɓa aunawa ba. Ita kullum sai ta zaɓi mafi tsawo, wadda ke da waƙoƙi da tafiye-tafiye, don kawai yaran gari su san 'yar birni ta san manyan tatsuniyoyi. Kafin a kai rabi kanta ya fara lilo. Da farko Iya na zungurarta da gindin ludayi. Wata rana sai ta ƙyale ta. Ta ci gaba da ba mu labari a hankali, tana kallon wutar na mutuwa, ba ta yarda kowa ya taɓa itace ba. Da safe ruwan na nan yadda yake, ya huce. Ta aiki Ladi ta ɗebo itace ita kaɗai, ta sa ta sake dafawa cikin zafin rana. Da Ladi ta fara kuka, abin da Iya ta ce ke nan: "Ka zaɓa don mutane ya ji sunan, ba don kunnenka ba. To ga sunan, dafa da shi."

Tatsuniyar da na fi tunawa gajeriya ce, ni na zaɓe ta don ba na son daɗewa bakin wuta. Wai namun daji ne suka haɗa kai za su yi noma tare, suka taru gindin bishiya don zaɓen gona. Kunkuru ya ce akwai wata 'yar gona a bakin rafi, kowa zai iya zuwa ya dawo. Aka fashe masa da dariya. Kura ta ce gonar yara ce wannan, su gonar kan dutse za su noma, wadda kakanninsu suka noma, wadda duk duniya ta san sunanta. Biri ya ce shi ai ya sha zuwa. Zomo ya ce can aka haife shi. Kowa ya ce ya santa, sai kunkuru ya yarda. Da yake ya san tafiyarsa, tun a ranar ya saɓa fartanya ya kama hanya. Kwana uku yana hawa. Ya tarar da ƙasa mai kyau amma mai tauri, ƙaya ko'ina, ga gidan rina a bakin shiga. Ya share wuri kamar faɗin tabarma, ya jira, ba wanda ya zo.

Ranar da aka sa za a sake taruwa ya gangaro, fuska a kumbure. Ya same su gindin bishiya kowa na bayanin yadda ya yi noma. Sai ya tambaye su, tsakaninsa da Allah, yadda suka wuce rinar nan ba ta harbe su ba. Kura ta ce ai maganar gona irin wannan ba maganar rina ba ce, maganar girma ce da tarihi, ta yi ta jawabi har rana ta karkata. Kunkuru ya ɗauki fartanyarsa ya tafi gida, bai sake zuwa taronsu ba.

Nan Iya ta tsaya ta ce, "Baƙo ya tashi, ku ma ku tashi mini." Muka yi ca a kanta. Ina hukuncin kura? Me ya sa kunkuru ya tafi, kunya ya ji? Ta ja dogon tsaki, ta ce in muka girma ma gani. Ni dai na kwanta da tabbacin kunya ce ta kore shi, don an nuna masa bai fahimci gonar ba. Da wannan tabbacin na girma, na yi kwaleji, na koyar shekara da shekaru.

Ƙungiyarmu mu goma sha biyu ne, muna haɗuwa Asabar ɗin ƙarshen wata a barandar gidan Dokta Sabo, malamin jami'a wanda ya ɗauki kansa uban tafiya ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Mama Laraba kuwa a rumfarta na gan ta wata rana tana bin layi da yatsa a wani tsohon littafin jikarta, leɓenta na motsi. Ta ce a ajin manya na cocinsu ta koya, Hausa ta zauna, Turanci kuma tana lallaɓawa. Na ce ta zo. Sai da na yi wata biyu ina roƙo kafin ta yarda, don a cewarta ita ba sa'ar masu takalmi mai tsini ba ce. Watannin farko gajerun labarai muka karanta, ta ji daɗi, har takan zo mana da soyayyar doya.

Sai aka ce lokaci ya yi da za mu ɗauki babban littafi, cikin tsofaffin da duniya ta yarda da su. Mama Laraba ta ɗaga hannu kamar 'yar aji, ta fito da wani siririn littafin Hausa na da, bangonsa ya sha salatif. Ta ce ta fara shi, da daɗi, kuma kowa zai iya gamawa. Dokta ya karɓa da yatsa biyu, ya juya shi, ya yi murmushin nan nasa da nake ƙi.

"Mama, wannan ai na 'yan ƙaramar sakandare ne. Mu yanzu muna so mu ɗaga lebul."

Ya shiga ciki ya fito da wani littafin Turawa mai kaurin bulo, ya dire a tebur har kofunan zoɓo suka girgiza. Na lura gefen takardun fari tas, ko alamar yatsa babu. Nan take aka fara. Wani lauya a cikinmu ya ce littafin nan ne ya canja masa rayuwa. Wata Hajiya ta ce sau biyu ta karanta, na biyun a jirgi. Wani ya rufe ido yana girgiza kai kamar mai tuna mamaci. Ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya, raini ya cika mini ciki, don na san waɗannan mutanen, wasu ko saƙon waya in ya yi tsawo ba sa kai ƙarshensa.

A lokacin ne dokar Iya ta zo mini har bakin harshe. Na so in ce, to Dokta, tunda kai ka zaɓa, kai za ka riƙa buɗe mana kowane babi, ka faɗa mana abin da ya faru da bakinka, ba waya a hannu. Da na faɗa, na tabbata da bulon nan ya koma ciki. Amma kafin in yi magana ya juyo ya ce, "Malama Hauwa, ke ai kin yi shi tun a kwaleji, ko?" Idanun mutum goma sha ɗaya duk suka dawo kaina. Gaskiyar ita ce 'yar taƙaitawa na haddace don jarrabawa, littafin kansa ban taɓa buɗe shi ba. Na ji bakina ya ce, "Tun tuni." Mama Laraba ta dube ni, ta mayar da ɗan littafinta cikin jaka, ta ɗaga hannu tare da kowa aka zaɓi bulon.

Ni na samo mata kwafi. Duk sanda na bi ta kasuwa sai in hango ta tsakanin tulin doya, bulon a cinya, ƙamus a gefe, tana ja da biro a ƙarƙashin kalmomi. Ni nawa yana kan firij, na ɗora masa kwandon albasa.

Ƙarshen wata Mama Laraba ta zo taro da shafi arba'in a kanta da tambaya ɗaya. Ta ce akwai wani tsoho da ya tako cikin ruwan sama ya zo gidan ɗansa, ɗan yana ciki yana jin bugun ƙofa amma ya ƙi buɗewa. Ta ce abin ya hana ta sukuni, tana so waɗanda suka gama su faɗa mata ko daga baya ya buɗe. Lauya ya sunkuya yana latsa waya a ƙarƙashin tebur. Hajiya ta ce ita fa abin ya daɗe. Sai Dokta ya gyara murya ya ce littafi irin wannan ba a karanta shi don ƙofa, ana karanta shi ne don tsarin al'umma da rikicin masu shi da marasa shi. Ya yi kusan rabin awa, rabi da Turanci. Mama Laraba ta juyo wurina.

"Malama, ke fa? Ya buɗe?"

Na ce kada in ɓata mata daɗin labarin, gara ta gani da kanta. Har yau in na tuna wannan amsa sai in ji na tsani kaina fiye da yadda na tsani Dokta. Shi aƙalla ya saba, kuma ba shi ya roƙe ta ta zo ba.

Wata biyu ba ta zo ba. Ba wanda ya tambaya sai Hajiya, ita ma doyar ta tuna. Ni kuwa na yi ta juyi da abin. Shekaru ina ba ɗalibai tatsuniyar Iya ina kwaikwayon muryar kura suna dariya, ban taɓa kawo wa raina cewa a gindin bishiyar nan nake da mazauni ba. Na tabbata mun sa baiwar Allah ta ɗauka kanta ne bai ja, ta koma gida da kunyar da ba tata ba. Wannan ne ya hana ni zama, na shirya na tafi kasuwa in cire mata wannan kunyar.

Na same ta tana ciniki. Ta sallami mai saye, ta share mini benci, muka gaisa. Na hango bulon a kan buhu, da tsinken tsintsiya a cikinsa, ya wuce rabi. Ban yi dogon zagaye ba. Na ce mata ta yafe mini, ta daina ganin kamar ita ce ta kasa, don duk cikinmu babu wanda ya karanta littafin nan, har da ni.

Ta yi 'yar dariya, ta ci gaba da jera doyarta.

"Na sani, Malama. Tun ranar nan na sani. Mutum da ya karanta ba zai manta tsohon nan ba." Ta karkaɗe hannunta a zani. "Ba kunya ya hana ni zuwa ba. Ni rufe rumfa nake yi ranar Asabar in zo wurinku. In karatu ne, ina da shi a nan. To me zan je yi?"

Can na tambaye ta, a hankali, ko ɗan ya buɗe ƙofar.

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Kina da naki a gida, abi? Je ki gani da kanki."