Sake-Ɗiba, Ƙanena Mai Gwajin Jini

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Ranar Laraba, tara ga watan Maris, jim kaɗan bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran ƙanena, ma'aikacin ɗakin gwajin jini, bayan jinyar mako biyu. Shekarunsa arba'in da tara. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu, da nas-nas fiye da ɗari da ya sa hawa da sauka a matakala tsawon shekara ashirin da biyu.

Ƙanena, su suka raɗa maka suna Sake-Ɗiba. Kwalbar jini ta zo maka ba suna, ka mayar. Ta zo jinin ya daskare, ka mayar. Ta zo ba a rubuta lokacin ɗiba ba, ka sa jan biro, "A sake ɗiba." A gida kuwa ni ne shugaban masu tsokanarka. Nakan ce mahaifiyarmu likita ta roƙa, aka ba ta mai leƙen kwalba a ƙasan bene, maƙwabcin ɗakin wanki. Sai ka yi murmushi ka ce, "Yaya, ka karance littafi dubu, amma rukunin jininka sai ka duba kati."

Shekara shida da suka wuce aka yi wa matata aikin hanji. Bayan kwana uku zazzaɓi ya rufe ta, likitoci suka ce ƙwayoyin cuta sun mamaye jininta, aka kai ta ɗakin kulawa ta musamman. Cikinta ba ya riƙe ko cokalin ruwa, don haka ta jijiya ake ciyar da ita. A cikin ledojin da aka rataya bisa kanta akwai wata fara fat kamar madara. Tataccen kitse ne, shi ke ba jiki ƙarfi idan baki ya gaza.

Ni kuwa, da ilimina na jarida, na ga takardar gwajinta ta nuna kolestarol ya yi ƙasa ƙwarai, na tare ka a baranda ina murna. Ai shekara da shekaru ana ce mana mu rage shi. Ka yi mini kallon da nake yi wa ɗalibin da ya zo aji ba littafi. Ka ce, "Ga mai lafiya ne wannan albishir. Ga mai irin ciwonta, alama ce ciwo ya ci jiki. Yaya, ka rage karatu, ka ƙara addu'a."

A safiya ta biyar, ina zaune a benci, na ga ka wuce ni kana haki, da kwalba a hannu, ko sallama babu. Kai da ba ka hawa bene sai ranar taro. Da ka fito na tambaye ka, ka ce ɗan kuskure ne, an gyara. Ban sake bi ta kai ba. Sai makon jiya, a wurin gaisuwar rasuwarka, wata nas da ta fi kowa kuka ta ba ni sauran labarin.

Ashe a safiyar nan jinin matata ya sauko ɗakinku, aka juya shi a inji, ruwan da ya taso sama ya yi fari maimakon fatsi-fatsi. Injin ya ce maiƙon jininta ya ninka na jiya sau goma. Kafin ka iso abokin aikinka ya aika sakamakon, babban likita ya ce a cire farar leda. Umarni ne daidai, in da sakamakon daidai yake. Amma cire ta na nufin a rage wa macen da ta koma fata da ƙashi babban kaso na abincinta, kuma ba wanda ya san na kwana nawa.

Ka tsaya a kan nas ɗin, wadda ita ta ɗebi jinin, ka ce, "Sista, ta ina kika ɗiba?"

Ta ce, "Sake-Ɗiba, yau har gida ka biyo mu?"

Ka ce, "Ta ina kika ɗiba?"

Jijiyoyin matata sun ɓuya, hannayenta duk tabon allura. Don tausayi, nas ɗin ta ja jinin ta robar da kitsen yake shiga, kada ta sake huda ta. Ka juya ga babban likita ka ce, "Ranka ya daɗe, leda muka gwada, ba mara lafiya ba."

Ya ce, "Malam, yanzu daga ƙasan bene za a koya mini aiki?"

Ka ce, "Wane ni. Minti arba'in nake roƙo. In na yi kuskure, ka kai ƙarata."

Da hannunka ka nemo jijiya a ƙafar matata, ka sake ɗiba. Jinin ya fito garau, leda ta zauna a inda take. Sunan nas ɗin bai shiga kowace takarda ba. Ka dai nuna mata inda za ta riƙa nema.

Ba na cewa ledar ce ta tayar da ita. Allah ne Ya tayar da ita, kuma na karanta cewa masana ba su gama muhawara a kan wannan kitse ba. Abin da na sani, a rana ta goma sha tara ta haɗiyi ruwa, bara kuma ta ɗauki jikarta ta fari.

Wasiƙar godiya shafi uku na rubuta wa babban likita, har da kalmomin da sai da na duba ƙamus. Kai ka karanta mini ita kafin in kai, ka ce ta yi kyau, ka gyara mini sunan ciwon. Da na gaya wa matata abin da nas ta faɗa, sai ta ce, "To, malamin rubutu, sai ka aika wasiƙar godiyar inda ya kamata." Ga ta nan, ƙanena. Ta makara, amma ina alfahari da a ce ni yayanka ne.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da 'ya'yanmu huɗu, da abokan aikinka na sama da na ƙasan bene. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa mu cika da imani. Amin.