Safiyo Ya Goge Kansa Kafin Ya Tafi

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Da hantsin Laraba, tara ga watan jiya, ina tsaye a shago ina yankan gilashi, babbar 'yarka ta kira ni a waya ta ce, "Baba, amininka ya cika." Yankan ya karkace a hannuna, gilashin ya rabu uku. Rabon da in ɓata yanka tun ina saurayi.

Ni ba mai saurin firgita ba ne, kai ma shaida ne, Safiyo. Ban gaji shago ba, ban gaji ko zarto ba. Daga aji uku na sakandare na fito, na koya wa kaina sana'a a kan fasassun tagogin da mutane suka zubar. Ni na gina shagona, ni na yi masa rufi da hannuna, na aurar da 'ya'ya mata biyar, ban taɓa tsayawa a ƙofar wani ina murza hula ba. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san ba rago ne ya rubuta takardar nan ba. Amma tun ranar Larabar nan hankalina bai kwanta ba, kuma zan faɗi dalili.

Bayan ka yi ritaya daga aikin awon filaye, sa'o'inka suka koma ƙofar gida suna sauraren rediyo. Kai kuwa ka sayi kyamara da kwamfuta, ka mayar da ɗakin baƙi wurin aiki. An yi maka dariya, an ce tsoho ya shiga wasan yara. Ranar da ka fara shigowa shagona da hoton wata tsohuwar gada, na yi maka firam, sai ka zaro tef ɗin awo daga aljihu ka bi kusurwa huɗun nan ɗaya bayan ɗaya. Raina ya ɓaci, don ba a taɓa auna min aiki ba. Ka ɗago ka ce, "Duk tsawon aikina ina neman kusurwar da ta daidaita a garin nan, ashe tana shagonka." Daga ranar babu hotonka da ya fita duniya sai a cikin katakona.

Aikinka ba irin na sauran masu hoto ba ne. Kana ɗaukar titi, ka sa shi a kwamfuta, ka goge wayoyin lantarki, ka goge motoci, wani lokaci har da mutanen, ya rage titi tsit kamar an kwashe garin. A kasuwar baje koli rumfarmu ɗaya, kai da hotuna ni da firam. Mai saye zai tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce, "Baba, ina mutanen?" Sai ka ce, "Sun je cin abinci, yanzu za su dawo." A yi dariya, a saya. Ka sha gaya min, ni da kai duk 'yan goge-goge ne: ni ina goge gilashi don a gani, kai kana gogewa don kada a gani.

Amma ba gogewa kaɗai ka iya ba. Ban manta da matar nan da ta kawo hoton marigayi mijinta, ruwa ya cinye rabin fuskar. Ka sa ta kawo ɗanta, ka ɗauki goshinsa da girarsa, ka yi ta gyara har fuskar ta dawo. Da ta gani sai ta zauna a ƙasa. Ko sisinta ba ka karɓa ba, ka kuma harare ni har ni ma na bar mata firam ɗin. Lokacin da yanar ido ta rufe min gani kafin a yi min aiki, kullum kana zuwa ka zauna kana karanta min lambobin tef, kana cewa iska kake sha. Shi ne taimako ɗaya da na taɓa karɓa daga hannun ɗan Adam, kuma ba ka taɓa faɗa wa kowa ba.

Yanzu ga maganar benci.

A bayan rumfarmu akwai wani dogon benci da muke zama mu huɗu in kasuwa ta lafa: kai, da ni, da Mai Zuma, da Mai Fure. Wata rana da yamma ka kafa kyamara a kan ƙafafunta, ka rugo ka zauna, ta ɗauke mu, inuwowinmu a miƙe a ƙasa gabanmu. Da Mai Zuma ya rasu, sai ga ka da hoton nan sabon wanki. Ka goge shi, katakon benci ya fito sarai a inda yake zama, amma ka bar inuwarsa a ƙasa. Na ce, "Safiyo, ka manta da inuwar." Ka ce, "Ban manta ba." Da Mai Fure ya bi shi, haka ka sake yi. Ba ka taɓa sa wa hoton nan farashi ba, ko an taya ba ka sayarwa.

Ana saura 'yan kwanaki ka rasu, lafiyarka ƙalau, ka shigo da hoto a naɗe cikin takarda ka ce, "Mai Gilashi, wannan ba na sauri ba ne, ka yi shi in ka samu sarari." Ka tsaya kana kallon katakon da ke jingine da bango, har na ce ko akwai magana, ka ce babu. Ban buɗe ba sai bayan an kai ka.

Bencin ne. Inuwa huɗu a ƙasa, mutum ɗaya a zaune. Ka goge kanka da hannunka.

Na yanka gilashi na ɗora, na ɗauki tsumma ina gogewa, sai na ga wani dishi-dishi a kan hannuna na hagu, wanda na dafa benci da shi. Na ɗauka datti ne. Na hura, na goge, na juya gilashin na goge bayansa. Ba a gilashin yake ba. Yatsuna biyu sun fara dusashewa, ana hango tsagin katakon ta cikinsu. Na san aikinka, Safiyo, hannunka ba ya zamewa. Ka fara ne ka tsaya. Me ka gani? Kuma me ya tsayar da kai? Na sani sarai ajali ba a cikin kwamfuta yake ba, yana hannun Mahalicci. Duk da haka na kife hoton da fuskarsa ga bango, kuma kowace safiya sai na juyo shi na ƙirga yatsun.

Da na je gaisuwa, 'yarka ta ce za ta buɗe rumfarmu a baje koli mai zuwa, a nuna duk hotunanka. Ta ce ka koya mata aikin. Sai ta ƙara da cewa, "Akwai ma wanda Baba bai ƙarasa ba a kwamfuta, na wani tsoho a kan benci, zan ƙarasa masa." Wani tsoho! Tana durƙushe a gabana tana miƙo min ruwa, ba ta gane ni a ciki ba. Kunyar zaman makoki ta hana ni magana, shi ya sa nake faɗa a nan.

Allah Ya jiƙan ka, Safiyo. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi fiye da duk filin da ka taɓa aunawa, Ya goge maka kurakuranka gogewar da ba ta barin inuwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka da 'ya'yanka da jikoki, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya rufa muku asiri a bayansa. Mu kuma Allah Ya sa mu cika da imani.

Ke kuma 'yata, ki ji ni da kyau. Hoton nan na cikin kwamfuta kada ki taɓa shi. Tsohon da ke kan benci yana nan da ransa, shi ya yanka kowane gilashi da za ki rataya a rumfar nan. Zan kawo wanda ke wurina da kaina, a cikin firam ɗin da ya fi kowane kyau. A ƙarƙashinsa a rubuta sunayen mutum ukun da suka tafi, kowa daidai inuwarsa, sannan a rubuta nawa cikakke, har da na mahaifina. Ba "mai firam" ba, ba "wani tsoho" ba. Kuma da tawada za a rubuta, a kan takarda, ina tsaye ina gani.