Muryar da Mukhtar Ya Roƙa a Goge

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, Allah ya karɓi ran Mukhtar Kalilu, direban motar albasa a Aliero, bayan jinyar mako biyu. An yi masa sutura a garinsu Gehuru bayan la'asar. Ya bar mahaifiyarsa Hajiya Gudiya, da matarsa Iklima, da 'ya'ya uku. Ni na koyar da shi a aji huɗu na firamare, kuma da wannan haƙƙi nake rubutu.

Mukhtar, tun kana ƙarami Allah ya hore maka murya. Na taɓa tsayawa bayan taga ina jin kana kwaikwayon yadda nake kiran sunaye, har da gyaran muryar da nake yi kafin in fara. Na shiga da bulala, dariya ta hana ni ɗaga ta. Da ka girma ka kama tuƙi, ba ka taɓa wuce ni a bakin hanya ba. Shekarar da ruwa ya cinye mini gona, kai ka kawo mini irin albasa daga Sabiyal, ka sauke ka tafi kafin a miƙo maka ruwan sha.

Ba zan ɓoye abin da kowa ya sani ba. A ƙuruciyarka, kai da abokanka kun samo gajerun katun, wato fina-finan zane na dabbobi, kuka ɗora musu muryoyi da Hausarmu, cike da barkwancin batsa wanda mai kunya ba zai maimaita ba. Kai ne muryar jakin. Abin ya bi wayoyi daga tashar Jega har Maiyama, kuma iyaye da yawa, ganin zane ne, suka riƙa miƙa wa yara.

Wata rana a gidan suna, wasu 'yan mata suka kunna ɗaya a gaban mahaifiyarka. Ba ta tambayi ko muryar wa ce ba. Da ka je gaishe ta, abin da ta ce kawai shi ne, "Da nonona aka raini wannan murya." Daga ranar ba ka ƙara ba.

Shekara tara ka yi kana bin abin da bakinka ya shuka. Ka bi shagunan masu tura fina-finai ɗaya bayan ɗaya. In ka ji shi a wayar wani, sai ka tsuguna ka roƙe shi, ko da sa'an ƙanenka ne. A gabana wani mahauci a kasuwar Jega ya ce maka, "Kai jakin gari, wasa na hwa! Mi ya yi zahi?" Ka ce, "Wasa na, Yaya, amma da bakina anka yi shi, kuma ni za a tambaya." Mahaucin ya goge hannunsa a riga, ya miƙa maka wayar. Wasu sun yi maka dariya, wasu sun goge a gabanka sun sake karɓa a wajen wani. Ba ka taɓa ɗaga murya ba.

Da na je duba ka a asibiti, ka riƙe hannuna ka ce, "Baba Malam, kai ana jin maganakka. In na tahi, ka ce musu su yi mini sutura ta biyu."

Abin baƙin ciki, tun ranar rasuwarsa, waɗannan katun suka sake tashi. Ana tura su da hotonsa, an rubuta a ƙasa, "Allah ya jiƙan mai ba mu dariya." Na san ƙauna ce ta sa, amma Iklima tana cikin takaba ta kashe wayarta saboda su, kuma babbar 'yarsa ta riga ta iya karatu.

Allah ya gafarta maka, Mukhtar, ya karɓi tubarka, ya haskaka kabarinka, ya sanya Aljanna makomarka. Allah ya ba Hajiya Gudiya da Iklima da dukan dangi haƙuri, ya raya marayu bisa tafarki nagari.

A ƙarshe, ina roƙon haɗin kan direbobi, da 'yan kasuwa, da masu shagunan waya, da matasan Jega, Aliero da Maiyama. Duk wanda yake da ko ɗaya daga cikin katun ɗin nan a wayarsa, don Allah ya goge, kada ya tura wa kowa. Wannan ita ce sutura ta biyu da ya roƙa. Wanda ya yi dariya da muryar Mukhtar, yau ya biya shi da addu'a.

Malam Ya'ƙub Sabo Gehuru
Tsohon shugaban makarantar firamare