Buhun Kanwa Tsakanina da Maigida

Shekara tara da aure, ban taɓa zama da maigidana ba a wurin da babu kunnen wani kusa. Gidanmu na Cadakori gidan gandu ne, sassa biyar da zaure ɗaya, katangar da ta raba mu ba ta kai kafaɗar mutum ba. In na yi dariya a ɗakina, kafin in fito matar wansa ta shirya tambayar abin da ya ba ni dariya. Ni kuwa tun ina lakol, makarantar boko, nake karanta littattafan soyayya da ake sayowa a kasuwar Maradi, har waɗanda shafin ƙarshensu ya yage, in ƙarasa musu da kaina. A cikinsu miji yakan ɗauki matarsa su tafi wani wuri su biyu, ba biki ba rasuwa, don su zauna kawai. Ban nemi mota ko gidan sama ba. Moto yake da shi, wato babur, kuma abin da na roƙa bai fi ƙarfin moto ba.

A rediyo na ji labarin gandun dajin da ke arewa, bakin hamada, inda ake tsaron barewa da raƙumin dawa, har baƙi kan kwana. Damina guda ina yi masa maganar. Ya amsa ranar da muka ɗaure damin gero na ƙarshe, ya ce kwana ɗaya, mu dawo. Na yi shiri a ɓoye kamar mai shirin gudu: tabarma, gidan sauro, butar shayi da gawayi, ƙuli-ƙuli, dakuwa. Na sa lalle har idon sawu. Yara na ce za su kwana wurin kakarsu.

Saura sallama da Inna, mahaifiyarsa. Na ce ya faɗa mata gaskiya.

"In ce mata mi?" ya ce. "In ce zan kai matata kallon namun daji? Da wane bakin?"

"Da wanda ka amsa mini."

Ya tafi sashenta, ni kuma ina jin su ta kan katanga.

"Inna, za mu ɗan leƙa arewa, ni da uwar yara."

"Arewa wurin wa?"

Na ƙara kasa kunne.

"Wurin Baffa. Mu dubo saniya."

Inna tana da saniya a hannun wani dattijo Bafillace, amanar da ta girmi aurenmu. Da damina yana kora ta arewa tare da garkensa don kada dabbobi su shiga gonaki, sai an kwashe amfani su gangaro. Baffa muke ce masa duka. A shekarar nan ya kafa rugarsa dab da iyakar gandun, shi ya sa ƙaryar ta zo wa maigida kusa da baki. Inna ta yi ta sa masa albarka. Ta ce dama tana neman wanda zai kai wa saniyar kanwa. Aka fito da buhu guda, aka ƙara dusa, da goro, da turmin zane na matar Baffa. Wa ya isa ya ƙi sallahun uwa? Aka ɗaure dusa da kayana a baya, buhun kanwa kuma babu inda zai zauna sai tsakanina da shi.

Haka muka tafi. Na daɗe ina zana tafiyar nan a raina, kumatuna a bayansa, iska tana wasa da gyalena. Abin da na runguma tun daga Cadakori buhu ne mai tsini, ƙurarsa tana cin leɓe. Da muka bar babbar hanya muka shiga yashi, sau biyu muna faɗuwa, sau biyu kuma sai da maigida ya ɗaga buhun kafin ya tambaye ni ko na ji ciwo. Gonaki suka yi ta raguwa, itatuwa suka koma aduwa da farar ƙaya, sama ta buɗe har na ga ƙarshenta a kowane gefe. Ƙasar tana da kyau, ba zan yi mata ƙarya ba. Na so in gaya masa hakan, amma sai na leƙa ta gefen buhu na ɗaga murya, shi kuma ya ce "Na'am?" Na bari.

Bayan azahar muka iso rugar. Daga inda muka tsaya ana hango turakun iyakar gandun.

"Mu sauke kanwa, mu gaisa, mu wuce," in ji shi. "Ba za mu zauna ba."

Shi da ya girma yana zuwa ruga ya san babu wannan. Kafin in sauke ƙafa matar Baffa ta kama hannuna, ƴaƴanta da surukanta suka kewaye ni, aka yi da ni ɓangaren mata. Shi aka shimfiɗa masa buzu can ƙarƙashin aduwa wurin maza. Aka kawo mini kindirmo a ƙwarya mai tsabta kamar ƙwai, aka dama fura, aka kama ɗan akuya. Mutanen nan ba su yi mini laifin komai ba. An ce musu surukar Inna ta yi doguwar tafiya don ta gaishe su, suka karɓe ni yadda ya kamata. Matar Baffa ta juya ƙafata tana duban lalle.

"Ɗiyata, duk wannan kwalliya don mu?"

Na ce don su.

Ina cikin tsinke karangiya daga zanena na ji an tada moto. Na miƙe. Maigida ne, Baffa a bayansa, sandarsa a gicce, zaune daidai inda ya kamata in zauna, babu buhu a tsakaninsu. Aka ce mini sun tafi rijiya ya ga saniyar da idonsa, don ya kai wa Inna labari.

Sai gab da magariba suka dawo. Tun daga nesa nake jin muryarsa, shi da ba ya ɗaga murya a gida. Yana ba maza labari: sun bi ta gefen iyaka, sai ga raƙuman dawa uku, uwa da ƴaƴa biyu, suna cin ganyen ƙaya daga sama, sun tsaya suna kallonsa, gashin idonsu kamar na amarya. Kamar na amarya, haka ya ce. Ina tsugune da muciya a hannu ina taya mata tuƙa tuwo, hayaƙi ya ba ni dalilin goge ido. Na kwana cikin mata, shi cikin maza.

Da safe ya zo bakin ɓangarenmu tare da Baffa, ya tsaya nesa yadda ake tsayawa.

"Ke, shirya. Mu kama hanya tun rana ba ta yi zafi ba."

"Wace hanyar?"

"Ta gida mana."

Ban shirya abin da na faɗa ba. Na juya wurin dattijon, na rusuna.

"Baffa, ka yi mini gafara. Ni ba saniya na zo dubawa ba. Mijina ya yi mini alkawarin zai kai ni cikin gandun can mu wuni mu biyu, kunya ta hana shi faɗa wa Inna, shi ne ya fake da kai."

Mai daka ta tsaya da taɓarya a sama. Sai wata daga cikin surukan ta rufe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Baffa ya dubi maigida, ya yi dariya a hankali.

"Kai, ɗana. Da ka faɗa jiya, ai da ban hau maka moto ba. Ni da nake ganin dogayen nan kullum har sun ishe ni? Ɗauke ta ku tafi. Saniya lafiyarta lau, ba ta ce tana kewarka ba."

Maigida ya yi murmushin da ake yi gaban manya. Na ga jijiyar wuyansa.

Muka shiga gandun. Masu gadin daji suka rubuta mu a littafinsu, ɗaya ya raka mu har wani tudu mai inuwa, ya ce zai dawo da la'asar. Ya tafi, ƙarar motonsa ta ɓace. Babu katanga, babu matar wansa, babu kowa sai ciyawa mai ruwan zinariya da iska ke kwantarwa. Abin da nake marmari shekara tara ke nan. Na shimfiɗa tabarma, na hura gawayi, na ɗora buta. Maigida kuwa ya zauna a inuwar moto ya ba ni baya.

Na kai masa kofin farko. Bai karɓa ba.

"Hankalinki ya kwanta?" ya ce, bai juyo ba. "Ranar kasuwa labarin nan zai riga mu zaure. Yayyena za su yi ta yi da ni har in tsufa."

"Da ka faɗa da bakinka, da sau ɗaya za su yi dariya su gama."

"Kin tsinka ni gaban mutumin da ya san ubana."

"Kai kuma ka ji kunyar kowa, ban da ni."

Raƙuman dawa ba su zo ba. Can wajen azahar barewa biyu suka gilma a nesa, na buɗe baki in ce ya duba, na tuna, na rufe.

Labarin kuwa ya riga mu, kamar yadda ya faɗa. Inna ta yi mako ba ta amsa gaisuwata da kyau, kuma har yau a gidan ni ake kira mara kunya. Wasu lokuta nakan ce da na yi shiru. Sai in tuna shi ne ya tsaya gaban mahaifiyarsa, ya rasa yadda zai ce yana son wuni da matarsa, ya kira saniya, fushin ya dawo mini sabo. A kan tudun nan na dafa shayi har zubi uku yadda ake yi, na shanye duka ni kaɗai, ina kallon bayan rigarsa har mai gadi ya dawo.